Cajin Kyauta da Haƙƙin Dillali

Akwai wani mutum mai suna Halliru, ɗan Yakasai a Kano, da yake aiki a wani ofishin kago a Port Saeed, cikin Dubai. Aikinsa tattaro kaya. 'Yan kasuwarmu su zo su yi sari nan da can su koma masauki, shi kuma ya bi shaguna ya duba kayan, ya tabbatar sun isa sito kafin a cika kwantena. Yau yana Sharjah, gobe Ajman, jibi yana babbar kasuwar 'yan China da ke gefen International City, inda yake kwana.

Motar da yake wannan zirga-zirgar da ita tasa ce, tsohuwa mai shan mai kamar ba gobe. Kuma a tsarin ofishinsu, man daga aljihunsa yake fita.

Matarsa Maimuna da 'yarsu Ummulkhair suna Kano. Ummu tana rarrafe ya baro ta, yanzu har ta shiga makaranta. Ba zai iya nema musu biza ba sai ya kama gidan kansa, shi kuwa a ɗakin gwauraye yake, irin mai gadaje hawa biyu. Duk lokacin da ya zauna ya yi tunani, wuri ɗaya yake tsayawa: abin da gidan mai yake cinye masa, shi ne kuɗin hayar da zai zauna da iyalinsa.

Halliru yana da wani hali da abokan ɗakinsa suka gaji da shi. Tambaya. Mutumin nan in ya shiga lif sai ya so sanin abin da yake jan ta. Ya taɓa tsare wani mai shayi Ba'indiye da tambayar dalilin da ya sa yake ɗaga butar sama in zai zuba, har shayin ya huce. 'Yan ɗakin suka sa masa suna Ɗan Jarida, shi kuma yana amsawa.

To irin wannan mutumin ne ya fara lura da motoci masu lantarki a titi. Ba ƙara, ba hayaƙi, kuma bai taɓa ganin ɗaya a layin gidan mai ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Sai ya je wajen Dikko, ya ce ya nemo masa ɗaya ta hannu.

Dikko dillalin motocin hannu ne, ɗan unguwarsu, kuma shi ya yi masa hanyar zuwa Dubai tun farko. A gidansa da ke Hor Al Anz Halliru ya fara sauka, ya ci abincinsa wata da watanni. Dikko ya san mota, wannan ba a ja da shi. Ya shafa jikinta da tafin hannu ya gaya maka inda aka yi mata fenti. Matsalarsa ɗaya ce: bai yarda akwai abin da ya rage masa bai sani ba.

Yana da hannu a wani shagon sayar da motoci, kuma yana da tsarin da ya taho da shi tun daga gida. Mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa. Da safe a juya motar zuwa sunan shago, da yamma a juya ta zuwa sunan mai saye. Wancan bai san nawa wannan ya biya ba, wannan bai san fuskar wancan ba. Duk wanda ya taɓa sayen fili ko rago ta hannun dillali ya san zancen.

Ba a daɗe ba Dikko ya turo masa hotuna. Mota ce ja mai duhu, ta ɗan kwana biyu amma an riƙe ta da kyau, sai 'yar loɓawa a ƙofar baya. An rufe lambarta da yatsa a kowane hoto.

Halliru ya kira shi. "Yaya Dikko, batirinta fa? Kuma ni da ba ni da wajen jona wuta a gida, ina zan riƙa yi mata caji?"

"Ka fara ko?" in ji Dikko. "Mota dai kake so, na samo maka. Ka haɗa kuɗinka, khalas, magana ta ƙare."

Wani zai haƙura. Ɗan Jarida kuwa, ranar da ya tashi aiki da wuri, sai ya wuce wajen cajin gaggawa da ke bayan kasuwar 'yan China, ya nemi inuwa ya tsaya yana kallo. Ku da ba ku taɓa gani ba, wajen ba wani abin a zo a gani ba ne. Wasu fararen ginshiƙai ne a jere, kowanne da igiyarsa mai kauri. Mota ta zo da baya, a zaro igiyar a soka mata, mai ita ya tafi ya sha shayi. Kafin ya gama ta kusa cika. Kuɗin kuma ta waya ake cirewa.

Yana nan tsaye sai ga wata ja mai duhu ta shigo. Ya dubi ƙofar baya. Ga loɓawar nan.

Wani dattijo ya fito daga ciki, da gilashi da furfura a gemu, ya jona igiyar, ya jingina da motar yana waya. Kuma da Hausa yake wayar. Halliru ya jira ya gama, ya matsa ya yi sallama.

Sunan dattijon Dakta Abdulganiyyu, likitan ƙashi, mutumin Zariya. Ya yi shekaru yana aiki a wani asibiti a nan, yanzu ya ajiye aiki zai koma gida. Allah ya haɗa mai son tambaya da mai son bayani. Dakta ya buɗe masa gaban motar ya nuna masa babu inji, wajen ajiye jaka ne. Ya nuna masa allon da ke ciki, da yadda zafin Dubai yake rage wa batir ƙarfi, da dalilin da ya sa ba a cika shi taf kullum. Halliru har tsugunawa ya yi ya leƙa ƙarƙashinta.

Da Dakta ya zare igiyar, Halliru ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba damuwa, nawa suka cire maka yanzu?"

Dakta ya juyo masa da wayar. Babu komai.

"Ban gane ba."

"Ni ban taɓa biyan kuɗin caji a wajensu ba," in ji Dakta. "Wajen nan na kamfanin motar ne, kuma lokacin da ya fara kawo motocinsa, mutane tsoronsu suke ji. Sai suka yi wa waɗanda suka fara saye alkawarin cajin gaggawa kyauta muddin motar tana raye. Daga baya suka daina. Mu kaɗan ne muka rage da shi."

Mutumin da gidan mai ya raba da iyalinsa, yau ana nuna masa motar da take cika cikinta ba ko sisi.

"To in ka sayar da ita fa?"

"Nan ne wajen lura. Abin da aka gaya mana, in mai ita ya sayar wa wani mutum hannu da hannu, kyautar tana bin motar. Amma in ta shiga sunan shagon motoci, ko na yini ɗaya ne, sai su yanke, kuma ba ta dawowa. Na gaya wa dillalin da yake nema min mai saye, amma yana ta waya, sai ce min yake yalla yalla, wato in yi sauri. Ban ga alamar ya ji ba."

Halliru ya faɗa masa gaskiya, cewa shi ne mai sayen da dillalin yake magana, kuma ta shago za a bi da ita.

Dakta ya cire gilashinsa ya dube shi. "Ikon Allah. To ai magana ta zo da sauƙi, Malam Halliru. Ban karɓi ko kwabo a hannunsa ba, ban sa hannu a komai ba. Gobe da safe mu haɗu mu je a juya maka ita. Kai ka huta da la'ada, ni na san motata ta faɗa hannun mai sonta."

Jama'a, a nan nake so kowa ya tambayi kansa. Ga mota, ga mai ita, ga cajin kyauta, ga Maimuna da Ummu suna jira. Ba wanda ya gan su. Ni kaina da nake ba ku labarin, ban rantse da abin da zan yi ba.

Halliru ya daɗe yana kallon motar. Ya ce, "Dakta, wallahi ina sonta. Amma ba don Yaya Dikko ba, da ban san da ita ba. Shi ya yi yawo ya nemo ta. In na zagaye shi na ci haƙƙinsa, kuma mutum ne da na ci abinci a gidansa. Bari in je in same shi. Zan ba shi la'adarsa cif, ya bari mu yi hannu da hannu yana tsaye."

"To karɓi lambata."

"A'a, ranka ya daɗe. In na karɓa, na san zuciyata. Bari ta fito daga wajensa."

Dakta ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya tambaye shi aikin da yake yi, Halliru ya ce kago, a Port Saeed. Suka yi musabaha suka rabu.

Washegari Halliru ya sami Dikko a wani gidan shayi a Hor Al Anz, inda dillalai suke zama bayan la'asar. Ya ja shi gefe ya kwashe komai ya gaya masa, bai rage ba.

Fuskar Dikko ta canza tun daga jimlar farko.

"Wato ka je ka nemo mai motar."

"Ban neme shi ba, Yaya. Haɗuwa muka yi."

"Dubai gaba ɗayanta, sai ku biyu kuka haɗu. Halliru, ni za ka yi wa wayo? Kun shirya za ku fitar da ni, shi ne ka zo min da tatsuniyar wai in ta shiga shago caji zai ɓace. Caji aljani ne? Abin da yake jikin mota yana jikin mota."

"Ni ma ban tabbatar ba, abin da ya ce ne. Ofishin kamfanin ba nisa. Mu je tare mu tambaye su, in ƙarya ne sai a bi ta shago."

Dikko ya yi dariya har dillalan da ke gefe suka waiwayo. "Ku ji min yaro. Ni zan je in tsaya a gaban wani ɗan kanti ya koya min mota? Lokacin da na fara sayar da mota a garin nan kai kana tallan rake. Tashi ka ba ni wuri, Ɗan Jarida."

Halliru ya tashi ya fita. Abin da bai sani ba shi ne, a duk bayaninsa Dikko ya tsinci abu ɗaya ya riƙe: motar tana da cajin kyauta. Mota irin wannan ai ta fi ƙarfin ɗan kago.

Kafin magariba Dikko ya isa wajen Dakta. Ya ce masa yaron nan ya fasa, kuɗinsa bai kai ba, amma ga wani mai saye da zai ƙara a kan farashin. Dakta ya yi mamaki, amma ba shi da hanyar jin ta bakin Halliru, ga tafiya ta matso. Ya sake maimaita masa zancen shago. Dikko ya ce, "Dakta, kai ka san ƙashi, ni na san mota." Dakta ya sallama.

Aka juya ta zuwa sunan shago da safe. Da yamma ta zama ta Alhaji Nasir, wani babban ɗan kasuwar yadi da yake zaune a Deira, wanda Dikko ya rantse masa cewa shi da biyan kuɗin caji har abada.

A bakin abokan ɗakinsa Halliru ya ji labari. Kuma ba su raga masa ba. Ɗaya ya ce an ba shi nama a baki ya tsaya neman izini. Wani ya ce daga yau sunansa ya tashi daga Ɗan Jarida ya koma Waliyyi. Halliru ya yi dariyar yaƙe, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Mafi wuya shi ne gaya wa Maimuna, don ya riga ya yi mata albishir tun ranar da ya ga motar.

A waya ta ce, "Abban Ummu, da ka karɓi lambar."

"Da na karɓa."

"Yanzu sai yaushe?"

"Ban sani ba, Maimuna."

Ya ji tana jan hanci. Can ta ce, "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma da ka zagaye Yaya Dikko, da ban san da idon da zan kalli matarsa ba in mun haɗu a biki. Allah ya sa haka ne mafi alheri." A bayanta yana jin Ummu tana tambaya ko Abba ya ce su taho.

Ya koma aikinsa. Sharjah, Ajman, gidan mai. In ya wuce wajen cajin nan sai ya kau da kai.

A can ɓangaren kuwa, Alhaji Nasir ya ɗebi baƙinsa daga Kano ya kai su wajen caji don su ga abin mamaki. Ya jona igiya, ya tsaya yana ba su labarin motar da ba ta cin kuɗi. Da ya zare, wayarsa ta yi ƙara. An cire kuɗi. A gaban baƙi.

Ba yawan kuɗin ne ya dami Alhaji ba, bai kai na abincin rana ba. Kunyar ce. Ya kira kamfanin, suka gaya masa cewa a da motar tana da kyautar, amma ta faɗi ranar da ta shiga sunan shago. Alhaji bai yi hayaniya ba. Ya sa direbansa ya ajiye motar a ƙofar shagon su Dikko, ya aika masa da mukulli, ya ce ya mayar da ciniki. Daga nan kuma ya daina amsa sallamarsa a masallaci. A kasuwar da kowa ya san kowa, wannan ya fi asarar mota zafi.

Ana haka, wata rana da hantsi Halliru yana sito yana duba wasu katan-katan na takalma, aka ce ana sallama da shi a ofis. Yana shiga ya ga Dakta Abdulganiyyu zaune.

Ashe kayan gidansa yake so ya aika Najeriya, sai ya tuna da mai kago na Port Saeed. Ofis uku ya shiga yana tambayar wani Halliru mai yawan tambaya. A na ukun suna jin kwatancen suka fashe da dariya suka ce ya zauna.

Bayan sun gaisa Dakta ya ce, "Na ji an ce ka fasa."

"Ni? Ban fasa ba, ranka ya daɗe. Ji na yi an sayar."

Dakta ya jingina da kujera, ransa a ɓace. Ya ce shi ba kuɗin ne ya dame shi ba, an yi masa ƙarya, kuma an kashe wa motarsa abin da ya fi komai daraja a jikinta. Ya yi ta faɗa har Halliru ya koma ba shi haƙuri. Suka gama zancen kaya, Dakta ya tashi zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Har yanzu kana so?"

"Ai ta tafi."

"Ba ita ba. Mu biyu muka saya rana ɗaya a asibitinmu, ni da Hajiya Mahfuza, shugabar sashen magunguna. Tata fara ce, ita ma da cajin kyautar. 'Ya'yanta sun matsa mata ta canza, amma ta ƙi sakinta, don duk wanda ya zo sai ta ga dillali ne ya ɓad da kama. Na ba ta labarinka tun ranar da muka haɗu. Ta ce mutumin da ya ƙi karɓar lambar waya don kada ya ci amana, tana so ta gan shi."

Wannan karon Halliru ya karɓi lamba.

Hajiya Mahfuza 'yar Katsina ce, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da shi a falonta ta yi masa tambayoyi har ya gane yadda mutane suke ji in ya tsare su. Ina iyalinsa, me zai yi da motar, wa ya koya masa tuƙi. Da ta gamsu ta faɗi farashi, bai fi ƙarfinsa ba in ya sayar da tsohuwar tasa. Ta ce sharaɗinta ɗaya, hannu da hannu.

Halliru ya ce shi ma yana da roƙo. Yana so ya zo da wanda zai duba masa motar.

"Wa ke nan?" in ji Dakta, da yake zaune a gefe.

"Yaya Dikko."

Dakta ya ajiye kofinsa. "Malam Halliru, lafiyarka kuwa? Mutumin da ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ya yi min, kuma na ji zafi. Amma ni ban san jikin mota ba, shi ya sani. Kuma tun da abin nan ya faru ba wanda yake ba shi ciniki. In aka ji an kira shi ya tsaya a kan wannan, wataƙila a fara sake kallonsa."

Hajiya ta dube shi ta saman gilashi. "Ya zo. Amma ba zai taɓa takarda ba."

Da Halliru ya kira shi, Dikko ya ɗauka zagi zai sha, don haka ya fara kare kansa tun kafin a ce komai. Da ya fahimci abin da ake nema, sai ya ce yana nan tafe. Ya zo a tasi, ya rame, ya gaida Dakta kansa a ƙasa. Sannan ya naɗe hannun riga ya yi aikin da ya iya. Ya shafa jikinta, ya duba tayoyi, ya tuƙa ta ya taka birki, ya saurara. Ya ce lafiyarta ƙalau, sai tayoyin gaba da suka kusa ƙarewa. Hajiya ta ce gaskiya ne, ta rage kuɗinsu da kanta.

Kafin a je ofishin rajista, Halliru ya ce a fara biyawa ta kamfanin a tambaya. Suka je su huɗu. Ma'aikacin ya duba ya ce a tsarinsu kyautar tana bin motar in daga mutum zuwa mutum ne, amma ba za ta nuna tabbas ba sai an juya sunan an gwada. Dikko yana tsaye a baya yana ji.

Aka juya suna. Hajiya ta cire motar daga wayarta, ta koma wayar Halliru. Ta shafa saman motar sau ɗaya, ta shiga motar ɗanta ta tafi ba ta waiwayo ba.

Saura gwaji.

Halliru ya tuƙa zuwa wajen caji, Dikko a gefensa. Duk abin da ya tara a Dubai yana cikin motar nan yanzu, kuma ba mayarwa. Ya jona igiyar. Ba su je shan shayi ba. Suka zauna a ciki suna kallon allo, batir yana hawa a hankali.

Can Dikko ya yi gyaran murya. "Na ce wa Dakta ka fasa. Ƙarya na yi maka, Halliru."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani, kuma ka kira ni."

"Kai ka ɗauko ni daga filin jirgi ranar da ban san kowa a ƙasar nan ba."

Dikko ya juya fuskarsa wajen taga. Halliru ya zaro ambulan ɗin la'ada ya miƙa masa, Dikko ya ture hannun. Ya sake miƙawa, ya sake turewa, ya ce in ya ƙara zai fita ya hau bas.

Da caji ya isa, Halliru ya fita ya zare igiyar. Ya tsaya a rana da wayar a hannu, ya kasa dubawa. Dikko ne ya fito ya karɓe ta, ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo masa da ita.

Ba a cire komai ba.

Halliru ya zauna a bakin dakalin wajen, ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya samu ya natsu, ya kira Kano. Maimuna ta ɗauka tana cewa tana tsakiyar girki ne, ya yi sauri.

Ya ce, "Ki sauke tukunyar. Gobe ki kai Ummu a ɗauke ta hoton fasfo."

Darasi: Kada son samu ya sa ka zagaye wanda ya yi maka hanya, ko da ba mai ganinka. Abin da ka bari don tsare amana ba ya ɓata, Allah yana mayar maka da shi ta inda ba ka zata ba. Kuma duk iya sanin da ka yi wa sana'arka, tambaya ba ta rage maka girma, ƙin yin ta ne yake zubar da shi. In za ka sayi motar lantarki ta hannu, ka je ka ji daga bakin kamfanin kafin a juya suna. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan ciniki, musamman wanda kuka san in an ce masa "mu je mu tambaya" sai ransa ya ɓaci.